Hannun jari ne ko toshiyar baki?

Tafin da ake yi wa Kanada duk lokacin da wani kamfanin mai ya yaga wa 'yan asalin ƙasar ɗan kaso a bututunsa ya fara isata. Tun 2022, da kamfanin bututun mai na Enbridge ya sayar wa al'ummomi 23 na yankin Athabasca da ke lardin Alberta kashi 11.57 cikin ɗari na bututu bakwai a kan dalar Kanada biliyan 1.12, masu sharhi suka kama waƙar wai an sasanta da masu ƙasa.

A duba cinikin da kyau. Bashi al'ummomin suka ci suka saya, wata hukumar lardin Alberta ta tsaya musu a kan dala miliyan 250. Kamfanin ya karɓi kuɗinsa a dunƙule, kuma har gobe shi ke juya akalar bututun. Mai kashi sha ɗaya da ɗoriya ba shi da ta cewa a teburin shawara. Ranar da mai ya malala cikin rafin da suke kamun kifi, duk wanda zai ɗaga murya sai ya tuna akwai bashi a wuyan al'ummarsa, kuma da kuɗin wannan bututun ake biya.

Wanda ke shakka ya waiwayi Wet'suwet'en, wata al'ummar 'yan asalin ƙasar a yammacin Kanada. Masu bututun gas na Coastal GasLink, mai tsawon kilomita 670 da ya ratsa ƙasarsu zuwa garin Kitimat na bakin teku, sun yi ta tinƙaho da sa hannun zaɓaɓɓun majalisu 20 na 'yan asalin ƙasar. Amma sarakunan gado na Wet'suwet'en, waɗanda gidajensu suka kai ƙarar Delgamuukw kan haƙƙin mallakar ƙasa har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1997, sun ce ba su yarda ba. A Fabrairun 2020 'yan sanda suka bi hanyar daji cikin dusar ƙanƙara suka kwashe masu tare hanya. Bayan shekara biyu sai ga tayin kashi 10 na bututun ga al'ummomin da ke kan hanyarsa. Sai da aka sha sanda tukuna aka miƙo goro.

Masu cewa da babu gara ba daɗi, su je Neja Delta su tambayi abin da kashi 3 da dokar man fetur ta 2021 ta ware wa al'ummomin da ake haƙar mai a yankinsu ya gyara.

Ni dai a ganina, a fara ba masu ƙasa ikon cewa a'a tun kafin a kafa turken farko, kuma a tambayi wanda ƙasar ke hannunsa tun kaka da kakanni. Maganar kaso ta biyo baya.