Allah ya gafarta, mu kuma mun ƙi rufe littafin bashi

'Yan'uwa, yau da mu Kirista nake. Maganar za ta ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Babu albarkar da muka fi rera waƙa a kanta kamar gafarar zunubi, kuma a ganina babu wadda muka fi yi wa juna rowarta. Ranar Lahadi a karanta mana Zabura 103, cewa kamar nisan gabas da yamma haka Allah ya nisantar da laifofinmu daga gare mu, mu amsa amin da ƙarfi. Amma kafin a tashi daga sujada wani ya riga ya raɗa wa na kusa da shi abin da wance ta yi shekara goma da suka wuce.

Ku ɗauki misalin da Yesu ya bayar a Matiyu 18, ku yi lissafinsa da kanku. Wani bawa ne sarki ke binsa bashin talanti 10,000. Talanti ɗaya kusan dinari 6,000 ne, dinari ɗaya kuma shi ne ladan ɗan ƙodago na yini guda. Wato dinari miliyan 60, aikin sama da shekara 160,000 ba hutun rana ɗaya. Da bawan ya faɗi ƙasa yana cewa a ba shi lokaci zai biya, maganar ruɗewa ce kawai, ina zai samo? Sarki bai rage masa ba, bai ce ya riƙa biya kaɗan-kaɗan ba. Ya yafe duka. Girman gafarar da Almasihu ya saya mana da jininsa ke nan. Shi kuwa bawan yana fita ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa a kan dinari 100, ladan wata uku da 'yan kwanaki.

To, ga inda zan taɓo wasu. Maganar horo.

Kada a yi mini mummunar fahimta, ban ce a daina horo a ikilisiya ba. Manzo Bulus da kansa ya umarci Korantiyawa su fitar da mutumin da ya ɗauki matar ubansa. Gafara kuma ba ta share sakamako: annabi Natan ya gaya wa sarki Dauda an gafarta masa zinar da ya yi da Batsheba, amma yaron da Batsheba ta haifa ya mutu, takobi kuma bai rabu da gidansa ba. Zakka mai karɓar haraji ma bai tsaya a hawaye ba, ya ce zai mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Wanda ya ci kuɗin baikon ikilisiya ya zo da tuba, ya taho da kuɗin ma.

Abin da yake damuna shi ne horon da ba ya ƙarewa. Yarinya ta yi ciki ba aure. A kira ta gaban dattawa, a sanar da sunanta daga kan bagade, a cire ta daga ƙungiyar mawaƙa, a mayar da ita bencin baya. Ranar jibin Ubangiji mai rarraba gurasa ya zo daidai layinta, ya ɗan ɗaga faranti ya wuce, ita kuma idonta a ƙasa, uwarta can cikin zumuntar mata ta kasa ɗaga kai. Ta cika watanninta, ta tuba, an ce an karɓe ta. Sanarwar horon an yi ta da lasifika, ta dawowar kuwa an cusa ta a gurguje tsakanin sanarwar biki da ta aikin gayya. Bayan shekaru wani saurayi ya fito neman aurenta, sai wata baba, wadda ba ta fashin addu'ar asuba, ta ja shi gefe: “Ɗana, ka dai bincika tarihinta.” Wane tarihi kuma, Mama? Wanda Allah ya ce ba zai ƙara tunawa da shi ba?

Shi kuma wanda ya yi cikin, sau da yawa ya sulale zuwa wani gari ko wata majami'a, in ma ɗan gidan masu hannu da shuni ne, maganar ta mutu a ofishin fasto. Wannan ba sabon hali ba ne. A Yohanna 8 malaman Attaura da Farisiyawa sun kawo mace sun ce an kama ta tana cikin zina. Ita kaɗai take yi? Littafin Firistoci 20:10 da suke taƙama da shi ya ɗora hukunci a kan namiji da mace duka biyu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yesu bai ce abin da ta yi daidai ne ba, ya ce ta tafi kada ta ƙara, amma bai bari an jefe ta ba.

Bulus ɗin da muke kafa hujja da shi wajen sa horo, shi ne ya rubuta a 2 Korantiyawa 2 cewa hukuncin da aka yi wa mai laifi ya isa, a gafarta masa, a ta'azantar da shi, don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Wannan surar ba kasafai nake jin an karanta ta a taron dattawa ba. Bitrus kuma ya yi mūsun Ubangijinsa sau uku, har da rantsuwa. A bakin Tekun Tibariya Yesu ya ba shi kiwon tumakinsa, ranar Fentikos shi ne ya tsaya ya yi wa'azi mutum wajen 3,000 suka tuba. Da a hannunmu yake, ina jin har yanzu kwamiti na zama a kan maganarsa.

Roƙona ga fastocinmu da dattawa ba mai wuya ba ne. Ranar da za ku sa mutum a horo, ku faɗi lokacin da zai ƙare da abin da ake so ya yi. A riƙa ziyartarsa a gida cikin watannin nan, ba a bar shi shi kaɗai da kunya ba. Namijin ma a nemo shi, ko ɗan wane ne. Ranar dawowa kuma a yi ta a gaban taron da aka yi sanarwar farko, fasto ya sauko da kansa ya miƙa gurasa da ƙoƙo. Bayan wannan, duk wanda ya sake tono maganar, shi ya kamata dattawa su kira.