A Juya Kyamara Wajen Magini

A Faransa, inda nake zaune da iyalina, da wuya yaro ya kai ajin farko na sakandare bai san yadda ake gina kagara ba. Ina nufin gidajen nan na dutse masu katanga mai kauri da hasumiyoyi da gwalalo kewaye, waɗanda sarakuna da hakiman Turai suka yi ta ginawa daga wajen ƙarni na 11 zuwa na 15. Littafi yana da nasa rabon a wannan koyarwa, amma a ganina fim ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Malami ya kunna gajeren shiri a aji, yara su dawo gida su ƙarasa a YouTube. Na zauna na kalli da dama tare da 'ya'yana, kuma waɗanda suka fi zama a kan yaro duk hali ɗaya gare su: sarki ba ya samun fili sosai a cikinsu. Mai fasa dutse da kafinta da maƙeri da mai tuƙa igiya su ne manyan baƙi.

Yawancin irin waɗannan fina-finai wuri ɗaya suke zuwa ɗauka, wato Guédelon, cikin wani daji kusa da ƙauyen Treigny a yankin Bourgogne. A shekarar 1997 ne wani mai suna Michel Guyot da abokan aikinsa suka samu wata tsohuwar mahaƙar dutse da aka daina aiki a cikinta, suka ce za su gina sabuwar kagara tun daga tushe, da kayan aiki da dabarun ƙarni na 13 kaɗai. Ba injin, ba siminti, ba mota. Dutse a nan wurin ake fasa shi, katako daga dajin da ke kewaye, doki ke jan kaya a amalanke. Tsarin ginin irin wanda ya yaɗu ne tun zamanin Sarki Philippe Auguste. Da farko an yi zaton shekara 25 za ta isa, ga shi an wuce har yanzu ana kai. Mutane kusan dubu 300 ke zuwa kallo a shekara, kuɗin ƙofarsu ne ke riƙe da aikin. A 2014 BBC ta yi shiri mai kashi biyar a wurin, Secrets of the Castle, inda Ruth Goodman da Peter Ginn da Tom Pinfold suka shiga cikin ma'aikatan suka yi aiki da hannunsu.

Akwai wani abu da kusan kowane fim na wurin yake nunawa, kuma ban gaji da ganinsa ba. Mai fasa dutse ya tsaya gaban wani ƙaton dutse ja, ya daɗe yana dubansa yana shafawa, yana neman jijiyarsa. Sai ya sassaƙa 'yan ramuka a jere, ya cusa ƙarafa masu tsini, ya riƙa bin su da guduma ɗaya bayan ɗaya, ba da ƙarfi ba. Kunnensa ne ke aiki. Ƙarar tana canzawa a hankali, daga kaifi ta koma kamar ta kurma, can sai ka ga layi ya bayyana, dutsen ya rabe biyu. Ba wanda ya ce wa yaro komai, amma ya gane cewa dutse yana da gefen da yake yarda da gefen da ba ya yarda. Haka igiyar awo mai ƙulli 13: a ja ta a yi kusurwa uku, gefe ɗaya gaɓa 3, ɗaya 4, ɗaya 5, sai ga kusurwa madaidaiciya ta fito. Lissafin da yaro zai sha wahalarsa a allo, ga shi a hannun mutumin da ƙafarsa ke cikin taɓo. Ga kuma ƙatuwar ƙafar katako da mutum ke shiga ciki yana tafiya, tana juyawa tana naɗe igiya, tana ɗaga dutse mai nauyin ɗaruruwan kilo zuwa saman katanga.

Mutanen Guédelon sayen wannan ilimi suka yi, kuma da tsada. Zaren ya riga ya tsinke musu ƙarnuka da suka wuce. Ba wani tsoho da za su je su durƙusa gabansa su tambaya yadda ake kwaɓa farar ƙasa da yashi ta riƙe dutse. Sai da suka bi tsofaffin zane-zane da takardun lissafin kuɗin gini da kufan kagarori, suka yi ta gwaji ana lalacewa ana sakewa. Wahalar ba ta tafi a banza ba. Da cocin Notre-Dame na Paris ya ƙone a Afrilun 2019, aka tashi sake rufinsa da itacen da aka sassaƙe da gatari kamar na asali, kafintocin da suka goge a Guédelon suna cikin waɗanda aka nema. An sake buɗe cocin a Disambar 2024.

To, a nan ne nake jin wani abu yana ci mini rai. Abin da suka kwashe shekaru suna lalube a duhu, mu irinsa yana nan da ransa, yana yawo a kan keke a lungunan Kano da Zariya da Katsina da Damagaram da Agadas. Har gobe akwai sarautar Sarkin Magina. Akwai dattawan da suka san wace ƙasa ce ke yin tubali, kwana nawa za a bar kwaɓi ya ruɓa da ciyawa a ciki kafin a taɓa shi, yadda ake jera tubali tsininsa na kallon sama, yadda ake fasa giginya a fitar da azara wadda gara ba ta ci. Sun san yadda ake ɗaure azara gajeru, wannan bisa wancan, ana turo su kaɗan-kaɗan daga bango har su haɗu a tsakiya su zama bakan gizo, a rufe soro mai faɗi da itacen da ko rabin faɗin bai kai ba. Ina yaro na sha tsayawa kallon magina a unguwarmu: na ƙasa ya cilla tubali, na saman bango ya cafe ba tare da ya ko kalle shi ba, ya dasa, ya miƙa hannu wani ya riga ya iso. Ko sau ɗaya ban ga wannan a talabijin ba.

Ba wai ba ma yin shirye-shiryen tarihi ba ne. Muna yi, kuma kusan duk fuska ɗaya gare su. A ɗauko ƙofar gari daga sama da jirgi marar matuƙi, a sa algaita da tambari, murya mai kauri ta fara jero sarakuna: wane ya yi shekara kaza, wane ya gaje shi. A ce Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwar Kano, a wajen 1095 zuwa 1134 kamar yadda tarihin sarakunan Kano ya kawo, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15 ya kuma gina gidan sarauta da kasuwar Kurmi. Duk gaskiya ne, kuma ya kamata yaro ya sani. Amma Gijimasu bai kwaɓa ƙasa ba. Daga ina aka ɗebo ƙasar da ta tashi wannan tudu? Amsar tana kwance a kududdufan da ke cikin birni da gefen badala, waɗanda yau ake cikewa ana gina shaguna a kai. Ya aka yi da ruwan kwaɓi a tsakiyar rani? Me ya sa gindin ganuwa ya fi samanta faɗi nesa ba kusa ba? Me ya sa aka kewaye Dala da Goron Dutse da gonaki masu yawa a ciki, maimakon a tsaya iya gidaje? Wannan tambaya ta ƙarshe ita kaɗai darasi ce guda, domin ita ke nuna bambancinmu da su. Kagarar Bature gidan mutum ɗaya ce da iyalinsa da dakarunsa. Ganuwa kuwa gari guda take rungumewa, har da abin da za a ci in abokan gaba sun yi zobe.

Kada a ɗauka fina-finan nan na Turai ba su da aibi. Suna da shi, babba ma: suna wanke zamanin su goge shi har ya yi ƙyalli. Ma'aikacin Guédelon albashi yake karɓa, yana da hutu, dokar ƙasa ta tilasta masa takalmin kariya da tabarau tare da rigarsa ta zamanin da. Wanda ya gina na ainihi bai ga wannan gatan ba. Lokacin da Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya ci ƙasar Wales, ya fara gina kagarorin Conwy da Caernarfon da Harlech a 1283, daga gundumomin Ingila aka tattaro ma'aikata, da yawansu ba da son ransu ba. Kuma waɗannan kagarori ba don kare mutanen Wales aka yi su ba, don a danne su ne. Babban maginin Sarki Edward, James na St George, ɗan ƙasar Savoy, a 1296 ya aika wa baitulmali takarda yana kukan cewa kuɗin biyan ma'aikatan wata kagarar, Beaumaris, ya yanke. Ba a taɓa ƙarasa Beaumaris ba har yau. Fim mai kyau yakan faɗi wannan, mai neman 'yan kallo kawai sai ya tsallake ya tafi wajen liyafa da wasan doki da mashi. In mun tashi yin namu, wannan jarrabawar na jiranmu. Ganuwa ba da kirari ta tashi ba. Akwai aikin gayya a ciki, akwai na tilas, akwai gumin bayi. Shirin da ya ɓoye wannan ya zama waƙar yabo, kuma muna da mawaƙan da suka fi shi iyawa.

Na san abin da wasu za su ce, don an sha faɗa mini: kai kana can cikin sanyi kana sha'awar ginin ƙasa, mu da muke ciki mun san yadda bango ke zubewa da damina. Suna da gaskiya. Ginin ƙasa yana son yaɓe kusan kowace shekara, kuma wanda ya samu halin bulo da kwano ba wanda zai ga laifinsa. Amma Bafaranshen da ke kai ɗansa Guédelon ba shirin komawa kagara yake ba. So yake yaron ya san cewa kakanninsa sun yi tunani, sun auna, sun warware matsala. Yaronmu kuwa ya taso yana jin "gidan ƙasa" a matsayin gori. Bai san cewa Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim a ƙarni na 19, yana cikin gine-ginen da masana ke tahowa daga nesa don nazarin bakunansa ba. Bai san cewa a ƙauyen Yama na jihar Tawa a Nijar, wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara masallacin ƙasa a 1962 wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986 ba. Tsohon garin Agadas da doguwar hasumiyarsa ta ƙasa sun shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. Ganuwar Kano kuwa tun 2007 take jerin jira, tana jira ana yankarta fuloti-fuloti.

Mun ma taɓa gwada wani abu mai kama da Guédelon. A Jos akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya, wanda aikin wani masani ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya haifar, inda aka kwaikwayi wani sashe na ganuwar Kano da masallacin Zariya da ƙasa. Bambancin shi ne an gina an gama an tafi. Guédelon kuwa abin da take sayarwa shi ne aikin kansa. Mai ziyara yana tsayawa ya tambayi maƙeri, maƙeri ya ajiye guduma ya amsa masa, amsar tambaya ma tana cikin aikin da aka ɗauke shi yi.

Abin da nake roƙo bai kai gina sabuwar ganuwa ba. Masu fim muna da su, Kano cike take da matasan da suka iya kyamara da tace hoto. A sami magini ɗaya dattijo da yaransa, a bi su rani guda suna gina soro ɗaya mai ɗaurin guga, wato rufin da bakuna ke haɗuwa a tsakiyarsa, tun daga ranar da aka je duba ƙasa har ranar da aka kafa indararo aka fitar da zankwaye. A bar shi ya yi bayani da bakinsa, da Hausarsa ta sana'a, kada a ɗora masa wani mai sharhi da zai fassara shi zuwa Hausar ofis. In baka ya karkace aka rushe aka sake, a bar shi a cikin fim ɗin, don a nan ne mai kallo zai gane dalilin kowane ɗauri. A yanka shi gajeru-gajeru, minti goma-goma, yadda zai shiga WhatsApp, tunda makarantar da ba wuta ba za ta kunna talabijin ba, amma malamin yana da waya a aljihu.

Kuma wanda ya fara zai tarar aikin ya fi ƙarfin magini shi kaɗai. Makubar da ake shafe bango da ita daga ɓawon ɗorawa take, sai an je wajen masu ɗorawa. Lason da ke hana rufi yoyo kuwa ana haɗa shi ne da katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, da gashin da majema suka kankare daga fata, da dafara, wato ruwan yauƙi na wata shuka mai yaɗo. Ke nan kashi ɗaya na shirin dole ya sauka marinar Ƙofar Mata, wani ya leƙa majema, wani ya bi masu fasa giginya daji, kafin a dawo kan soron.