Kafin a buɗe mesa, wa ya san abin da ke cikin siton?

A daren 12 ga Agustan 2015, wajen ƙarfe goma sha ɗaya saura, aka kira 'yan kwana-kwana na tashar jiragen ruwa ta Tianjin da ke ƙasar Sin, aka ce wuta ta tashi a harabar wani kamfanin ajiyar kaya mai suna Ruihai. Suka je kamar yadda suka saba, suka warware mesa, suka kama feshi. Sun tambayi ma'aikatan wurin abin da ke ci, ba a sami mai ba su amsar kirki ba. Ba a cika awa guda ba wurin ya yi bindiga, bayan kamar rabin minti ya sake yi, ta biyun kuwa ta fi ta farko nesa ba kusa ba. Mutum 173 aka rasa, har da takwas da ko gawarsu ba a gani ba. A cikinsu 104 'yan kwana-kwana ne.

Binciken gwamnatin Sin ya ce wutar ta faro ne daga wata kwantena mai ɗauke da sinadarin naitirosalulos, wanda ya bushe saboda zafi har ya kama da kansa, daga nan ta kai ga tarin amoniyom naitiret, wato sinadarin da ake yin taki da nakiya da shi. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da aka wayi gari da shi: a harabar akwai kusan tan 700 na sodiyom sayanaid, farar guba mai kama da dunƙulen gishiri, wadda kamfanonin haƙar zinariya ke amfani da ita. Fashewar ta watsa ta ko'ina, kuma damina ce. Sai aikin ya koma na tsoron ruwan sama. Aka kawo sojoji ƙwararru kan sinadarai fiye da 200, aka toshe magudanan ruwa, aka yi jinga kewaye da wurin, aka kwashe jama'a daga tazarar kilomita 3, aka riƙa zuba wani sinadarin da ke karya dafin sayanaid. Abin da aka saba roƙo a ranar gobara, wato ruwa, shi ne ya zama abin gudu.

Mu a nan, da an ce "gobara!" hannu na kan bokiti. Kuma daidai ne, ga katako da katifa da atamfa. Kuskuren shi ne ɗaukar wannan a matsayin dokar kowace wuta. Sayanaid na narkewa a ruwa, ruwan ya kwashe shi zuwa kwata da rijiya. In ya haɗu da abu mai tsami sai ya fitar da iskar da ke kashe mutum cikin mintuna, shi ya sa ma ake hana fesa masa tukunyar kashe wuta mai iskar kabon, don iskar kan yi tsami in ta haɗu da danshi. Kabayid ɗin masu walda, wanda wasu marasa tsoron Allah ke nuna ayaba da mangwaro da shi, in ruwa ya taɓa shi iskar asitilin yake fitarwa, ita ce dai wadda ke ci a bakin tocin mai walda. Shi kuwa amoniyom naitiret, in wutarsa ba ta yi nisa ba ruwa mai yawa take so, in ta yi nisa kuma gudu ne kawai magani. Abu uku, hukunci uku. Ta yaya wanda ke riƙe da mesa zai zaɓa, in ba a gaya masa abin da ke bayan ƙofar ba? A Bairut ma haka aka yi ranar 4 ga Agustan 2020: aka tura ayarin mutum goma su kashe wuta a wani sito mai tan 2,750 na amoniyom naitiret, ba su san da shi ba, babu wanda ya dawo a cikinsu.

Kada mai karatu ya ce wannan zancen manyan tashoshin jiragen ruwa ne. Kwanakin baya na shiga wani shagon maganin gona don in sayi abin feshin tumatir. Shago ne ɗan ƙarami, rufin kwano, waya ta bi ta saman kanta tsirara an naɗe ta da leda. Buhunan taki a jingine da bango, jarkokin maganin ciyawa a kansu, sannan a kantar ƙasa, dab da randar ruwan shan mai shagon, ga gwangwanayen ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake don kashe ƙwari, irin su Phostoxin. Ɗaya a buɗe, ana sayarwa ɗai-ɗai a ƙulle a leda, warin tafarnuwa-tafarnuwa ya cika wurin. A lungu kuma ga tabarmar yaron shago a naɗe.

Na ce, "Alhaji, Allah ya kiyaye, in wuta ta tashi a nan me za a yi?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan garinmu. "Ai sai ruwa, Malam. Ga rijiyar burtsatse nan a bayanmu."

Ƙwayar nan alminiyom fosfaid ce. Aikinta ke nan: ta sha danshin iska ta saki iskar fosfin, ƙwaya mai nauyin giram 3 ta ba da giram 1 na iskar. A cikin buhun da aka ɗaure, ƙwari take kashewa. A kwara wa katan guda ruwa a ɗaki rufaffe, to mutane za ta kashe, kuma in iskar ta taru tana iya kamawa da wuta da kanta. Sayanaid aƙalla yana da makari in an kai mutum asibiti da wuri, fosfin ba shi da shi. Busasshen yashi ake rufe irin wannan da shi. Alhajin ba mugu ba ne, kuma ba wawa ba ne. Babu dai wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa, ga gargaɗin da ke jikin gwangwanin da Turanci ne, da ƙananan baƙaƙen da sai da tabarau.

Saboda haka nake ganin muna kallon matsalar ta inda ba nan take ba. Duk bayan gobarar kasuwa kuka ɗaya ake yi: motocin kashe gobara sun yi kaɗan, sun zo a makare, ruwa ya ƙare musu. Gaskiya ne, a sayo motoci. Amma Tianjin ba ta rasa motoci ba. Takarda ta rasa. Ya kamata duk layin da ake sayar da sinadarai a kasuwa, da duk siton masana'anta a wurare irin su Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano, a ce akwai jerin abin da aka ajiye da yawansa da inda yake, kwafi ɗaya a akwati a bakin ƙofa daga waje, ɗaya a ofishin 'yan kwana-kwana mafi kusa. Na san abin da ɗan kasuwa zai ce: yau ka rubuta abin da ke sitonka, gobe mai karɓar haraji da mai neman na goro su yi maka sallama. Wannan tsoron ba na banza ba ne. Shi ya sa ya fi kyau takardar ta bi ta hannun shugabannin 'yan kasuwa kai tsaye zuwa ga hukumar kashe gobara, a kuma rubuta a doka cewa ba za a yi amfani da ita wajen haraji ba.

Akwai kuma alamomin da duniya ta amince da su, waɗanda ke manne a jikin tireloli da durom-durom da ke wuce mu kullum. Farar alama mai ƙoƙon kai da ƙasusuwa da lamba 6 tana nufin guba. Shuɗiya mai hoton harshen wuta da lamba 4 tana nufin kada ruwa ya taɓa. Lamba 1689 sayanaid ce, 1397 ƙwayar wake, 1402 kabayid. Wannan karatun yini ɗaya ne, kuma bai kamata ya tsaya ga 'yan kwana-kwana ba, domin ba su ne ke fara isa ba. 'Yan sintirin unguwa ne, da 'yan kamasho na tasha, da jami'an kiyaye haɗurra.

Sai maganar cincirindo. A watan Oktoban 2024 tankar mai ta kife a Majiya, jihar Jigawa, jama'a suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Fetur ke nan, da kowa ya san warinsa da halinsa. Ina ga tirelar da ta zubar da farin gari a bakin titi? Wani zai ce taki ne, wani gishiri, a zo da kwano da buhu. Abin da ya kamata a yi a irin wannan hali ba shi da tsada: a kori mutane nesa, a tsaya ta inda iska ke fitowa ba inda take nufa ba, a kira lambar gaggawa ta 112, a toshe kwata da ƙasa. Masu kayan kariya su lulluɓe garin da tamfol, kada a share da tsintsiya ƙura ta tashi. Wanda abin ya taɓa a cire masa tufafin, a kakkaɓe garin kafin a wanke shi. Kuma kada a ce bari a kora da ruwa titi ya yi tsabta.

Wannan na ƙarshe shi ne darasin da Turai ta biya da tsada. Ranar 1 ga Nuwamban 1986 siton kamfanin Sandoz ya kama wuta kusa da birnin Basel na Suwizalan. An kashe wutar, amma ruwan da aka yi aikin da shi ya kwashi magungunan ƙwari ya gangara kogin Rhine, kogin ya yi ja, kifaye suka mutu tsawon ɗaruruwan kilomita, garuruwa suka rufe wuraren ɗiban ruwan sha. Tun daga nan aka matsa wa irin waɗannan sito-sito su gina ramin tare ruwan kashe gobara. A wurinmu, ruwan da ya fito daga siton da ya ƙone kwata yake bi, kwatar ta faɗa rafi, a bakin rafin kuma ga 'yan lambu da injin ban-ruwa suna shayar da latas da kabeji.