Rasit yana hannuna, bauca tana ofishinsu

Jiya Talata na sake biyan kuɗin mota zuwa ofishin kuɗi na ƙaramar hukuma, zuwa na bakwai ke nan kan magana ɗaya. Damunar bara iska ta yaye rufin aji biyu a makarantar firamaren da nake shugabanta. Na kai kuka, aka ce in gyara daga aljihuna, in adana rasit, za a mayar mini. Na sayar da tunkiyar mai ɗakina da buhun gero biyu, na sayi kwano da katako da ƙusa, na sallami kafinta, yara suka bar gindin darbejiya suka koma aji.

Sallama biyu na yi kafin a amsa mini da ka. Yaron da ke kan tebur ba zai girmi ɗana na biyu ba, idonsa na kan waya, yana ɓare gyaɗa. Na warware ledar da nake naɗe takardun, na jera masa su.

"Ɗana, maganar kuɗin rufin nan ce dai."

Ya ɗaga guda da yatsa biyu kamar ya tsinto ta a bola, ya sake ta ta faɗi.

"Baba, wannan ai rasit ne. Mu da bauca muke biya."

"To ina baucar take?"

"Ni zan sani? Ka je ka kawo ta. Wai ba ka san bambancinsu ba?"

Ya faɗe shi da ƙarfi, har masinja ya yi dariya. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Shekara 28 ina riƙe da alli, yau ni ake tambaya ko na san rasit!

Na sani sarai. Rasit shaida ce ta wanda ya karɓi kuɗi, mai shago ya rubuta cewa kaza ya shiga hannunsa ranar kaza. Aikin da aka gama yake nunawa. Ita kuwa bauca takardar umarnin biya ce, tana faɗin wa za a ba, nawa ne, saboda me, daga wane kason kasafi. Akawu ke shirya ta, ya liƙa rasit a bayanta, odita ya duba, shugaban ofis ya sa hannu, sannan kuɗi su fita. Ba a sayar da ita a kasuwa, ba ni da ikon rubuta ta. Aikinsa ne, a kan teburin nan da ya cika da ɓawon gyaɗa. Takardar da ya kamata ya rubuta wata goma da suka wuce ita yake aike na in nemo.

Kuma duk mun san baucar da ba ta kwana. In ta ɗan kwangilar babban mutum ce, da safe a shirya, kafin la'asar an biya, ko da aikin bai wuce kan takarda ba. Ta malamin ƙauye ce ke buƙatar hannu goma, kowane hannu kuma a buɗe yake yana jiran na goro.

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kuɗin mota ya bi ta. An ce rarar za ta koma makarantu da asibitoci. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. To ina yake? Wace gwamnati ce za ta bar talaka ya rufa mata aji da tunkiyar matarsa, sannan ta zaunar da yaro ya ci masa mutunci? Mu ma da laifinmu, muna layi muna kallo ana wulaƙanta dattijo, kowa ya sunkuyar da kai kada fayil ɗinsa ya ɓata.

Yaron ya ce in dawo Alhamis, wai mai sa hannu ya tafi taro. Tawadar rasit ɗin kafinta ta fara dushewa, hadari ya soma haɗuwa a gabas, rufin aji na uku kuma tuni yana ɗagawa.