Mai Ƙarfi, Amintacce

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa.

Akwai wani Ba'amurke mai suna Charles Tillman. Ba malami ba ne, ban kuma kawo shi don ya koya mana addini ba. Labarinsa ne kawai ya mayar da ni Suratul Ƙasas, na ga ya dace in yi muku tayi, musamman samarinmu masu jini a jika da 'yan uwanmu masu kaki.

An haife shi a Chicago a 1981. Mahaifinsa soja ne, don haka ya tashi ana yawo da su daga wannan bariki zuwa wancan. Ya buga ƙwallo a Jami'ar Louisiana da ke Lafayette, irin ƙwallon nan tasu ta Amurka da ake rungumewa a ƙirji a zura da gudu, kowa da hular kwano, ana karo kamar raguna. A can jami'o'i ne ke renon 'yan wasa, kuma cikin ɗari da ke bugawa a jami'a, waɗanda ke kaiwa babbar gasar NFL ba su kai biyu ba. Sauran sukan tuɓe takalmi suna 'yan shekara ashirin da 'yan kai, su shiga neman abin kai wa baka. Shi Tillman yana cikin 'yan tsirarun. Ƙungiyar Chicago Bears ta ɗauke shi a 2003, ya yi mata kaka 12, ya ƙara ɗaya a Carolina Panthers. Amma tun yana jami'a, abin da ya karanta shi ne binciken laifuka da shari'arsu. Yana cikin ganiyarsa ya riga ya tanadi ranar da gwiwa za ta ce ta gaji. Ta kuwa ce. Jijiyar gwiwarsa ta tsinke a kakarsa ta ƙarshe, ya yi sallama da wasa a 2016.

Abin da ya yi suna da shi naushi ne. Laƙabinsa Peanut, wato gyaɗa, har aka raɗa wa naushin nasa sunan. Ga ƙato ya taho a guje, ya matse ƙwallo a hammata kamar mai tsoron a ƙwace masa jaka a tasha. Kowa jikin ƙaton yake hari. Shi kuwa sai ya dunƙule hannu ya auna ƙwallon kanta, tim, sai ka gan ta tana gangarawa a ƙasa, mai ita yana lalube. Sau 44 ya yi wannan a rayuwarsa ta wasa, har da sau huɗu a wasa guda a 2012.

Mutumin da ya tara miliyoyin daloli, me zai hana ya miƙe ƙafa? Sai ga shi a Quantico, jihar Virginia, inda FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ke horar da sababbin jami'anta, yana bin layi da waɗanda jiya suke kallonsa a talabijin. Dokarsu ba a ɗaukar wanda ya cika shekara 37, shi kuma ya kusa, da ƙyar ya sha. Ya zama jami'i a 2018. Daga baya ya ajiye aikin, kuma a 2025 ya faɗa da bakinsa cewa yadda aka juya ana farautar baƙin haure ne zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba.

Siyasar Amurka ta masu ita ce, ba ita ta tara mu a nan ba. Abin da na riƙe shi ne mutum ya samu ƙarfi, ya samu bindiga da katin hukuma, sannan ya tsaya ya tambayi kansa: wa nake taya aiki da wannan ƙarfin?

Ku buɗe Suratul Ƙasas daga aya ta 15. Annabi Musa, alaihis salam, ya shiga gari ya tarar da mutum biyu suna faɗa, ɗaya daga jama'arsa, ɗaya daga maƙiyansa. Na jama'arsa ya nemi agaji. Naushi ɗaya Annabi Musa ya yi, ba da nufin kisa ba, mutumin ya faɗi ya cika. Bai tsaya yana cewa ai shi ya jawo ba. Nan take ya ce, “Ya Ubangijina, na zalunci kaina, Ka gafarta mini,” Allah kuma Ya gafarta masa. Sai ya ɗauki alkawarin da nake so kowane mai kaki ya haddace kafin ya haddace lambar aikinsa: “Ya Ubangijina, saboda ni'imar da Ka yi mini, ba zan taɓa zama mataimaki ga masu laifi ba.”

Sai a Madyana muka sake ganin wannan hannun. Ya iso a gajiye, da yunwa, ba ko masauki. Makiyaya sun cika bakin rijiya, ga mata biyu can gefe suna tare dabbobinsu, suna jira sai maza sun gama. Ya shayar musu, ya koma inuwa bai nemi ko kwabo ba. Da ɗayarsu za ta yi wa mahaifinsu bayaninsa, cewa ta yi, “Ya babana, ka ɗauke shi aiki, lallai mafi alherin wanda za ka ɗauka shi ne mai ƙarfi, amintacce.” Biyu ta haɗa, ba ta raba su ba. Mu kuwa in za a ɗauki ɗan sintiri a unguwa, ƙirjinsa ake dubawa da kaurin damtsensa. Wa ya taɓa tambaya ko ana ba shi ajiya ya mayar?

Kada wani ya fahimce ni a baibai. Aikin tsaro aiki ne mai girma. Tirmizi ya ruwaito cewa idanu biyu wuta ba za ta shafe su ba: idon da ya yi kuka don tsoron Allah, da idon da ya kwana yana gadi saboda Allah. Ni dai duk ranar Juma'a nakan ga wani dattijo mai gadi a ƙofar masallacinmu. Mu muna ciki ƙarƙashin fanka, shi yana rana da 'yar na'urarsa yana shafa aljihun mutane, gumi ya jiƙa kwalar rigarsa, kowa ya zo sai ya ce masa “yi haƙuri, Alhaji.” Wasu ko sallama ba sa yi masa. Wallahi nakan ji kunyarsa.

Amma wanda ya yi wannan bushara, sallallahu alaihi wasallam, shi ne ya ce a hadisin Muslim akwai wasu 'yan wuta da bai gan su ba tukuna, mutane ɗauke da bulala kamar wutsiyar shanu suna dukan jama'a. Kaki ɗaya ne, kulki ɗaya ne. Ɗan uwa, kai da ke tsaye a shinge cikin dare, mai adaidaita sahu ya tsaya a gabanka yana rawar murya, kai ka san wanne daga cikin biyun kake nema a wannan minti. Kuma “oga ne ya ce” ba ta tsallake kabari. Ba kowa ne zai iya ajiye aiki kamar Tillman ba, na sani, shi yana da abin da zai faɗa a kai, kai kuwa albashin nan ne tukunyar gidanku. Ba cewa na yi ka tuɓe kaki gobe ba. Amma marin da ba wanda ya umarce ka da shi fa? Naira ɗari biyun da ka miƙa hannu ka karɓa fa, wane oga ne ya rubuta ta?

Sahabi Hishamu ɗan Hakimu ya taɓa wucewa ta wani wuri a ƙasar Sham, ya ga an tsayar da wasu manoma a rana, an zuba musu mai a ka. Ba danginsa ba ne, ba 'yan garinsu ba ne. Ya tambaya me suka yi, aka ce haraji ne ba su biya ba. Ya ce ya ji Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, yana cewa Allah zai azabtar da masu azabtar da mutane a duniya. Bai tsaya a nan ba, ya wuce kai tsaye wurin gwamna ya faɗa masa hadisin. Gwamna ya ba da umarni aka sake su.