Hoton da ya ci zaɓe a Facebook, da ƙofar da Inna ta ƙi

Tun ranar Juma'a nake juya maganar nan a raina. Yau dai na ce bari in fito da ita, ko da wasu 'yan uwana na ƙungiya ba za su ji daɗi ba.

Garinmu yana ƙasar Ringim, kuma shekara da shekaru matanmu ba su da ɗakin haihuwa na kirki. Ɗaki ɗaya ne a ƙaramin asibitinmu: nan ake rigakafi, nan ake awo, nan ake karɓar haihuwa. Idan ta zo da gardama cikin dare, sai a shiga neman mota. Bana ƙungiyar ci gaban gari ta yi karo-karo don a gina ɗakin haihuwa, 'yan garinmu da ke Legas da Fatakwal da Abuja suka yi abin a yaba, Allah ya saka musu da alheri. Wani ƙaninmu da ya karanci zanen gine-gine ya zana mana fasali biyu, ko sisi bai karɓa ba. Na farko dogo ne, gilashi tun daga ƙasa har kusan rufi, kwano mai tsini irin na sababbin gidajen Dutse, ƙofa tana kallon titi. Na biyu gajere, katanga ta kewaye shi, da zaure da tsakar gida da rumfa, tagogi ƙanana daga sama.

Aka ce kada shugabanni su yanke hukunci su kaɗai, a ji ta bakin jama'a. Niyya mai kyau ce, ban taɓa shakkar hakan ba. Aka ɗora hotunan a shafin garin na Facebook, aka ba da mako guda. Da wa'adi ya cika, yaron ya kwashe duk abin da aka rubuta ya zuba a wata manhaja da ke ware magana kashi uku, yabo da suka da tsaka-tsaki. Mai gilashi ya lashe da rata mai yawa. Ni ma shi na zaɓa, don a waya ya yi kyau ƙwarai.

Kwana biyu bayan haka na buga hotunan a takarda na kai wa Inna, tsohuwar ungozomar unguwarmu, wadda ta yanke wa da yawa daga cikinmu cibiya. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta goge hannu a zani, ta nisanta takardar da ido, ta daɗe tana kallo. Ba ta ce wannan ya yi kyau ko wancan ya yi muni ba.

Sai ta ce, "Ɗan nan, ita wannan ƙofar ina take kallo?"

Na ce, "Titi, Inna."

"Wajen mai shayi ke nan, inda maza ke zama?"

Na yi shiru. Ta ce, "To wace mace ce za ta ratsa majalisa tana riƙe da mara, naƙuda na cin ta? Ga surukinta a zaune, ga abokan mijinta. Wallahi gara ta haihu a ɗakinta." Daga nan ta shiga jero mini tambayoyi: a ina za a hura wuta a dafa ruwan zafi, a ina uwar mai haihuwa da ƙannenta za su shimfiɗa tabarma su kwana, ban-ɗaki yana ciki ne ko sai an fita waje, wannan gilashin kuma wa zai hana yara leƙe. A cikin duk abin da aka rubuta mana mako guda cur, babu mutum ɗaya da ya yi ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan.

Kuma ba don masu rubutun ba su da hankali ba ne. Mu duba su wane ne suka rubuta. Samari ne, da ma'aikata, da ɗalibai, da 'yan kasuwarmu da ke ci-rani, akasarinsu maza, da yawansu ma ba a garin suke kwana ba. Matar da za ta kwanta a ɗakin nan, in ma tana da waya, ƙaramar waya ce ta kira da sauraren rediyo. Wadda ke da babbar waya kuma ba za ta fito shafin da kawunnanta suke ba ta yi maganar naƙuda. Mun tambayi masu kallon gini daga nesa, muka bar masu shiga cikinsa.

Akwai kuma matsalar ita kanta Hausar. Na zauna na karanta sharhin ɗaya bayan ɗaya, na ga abin da manhajar ta lissafa a yabo. "Allah ya sanya alheri." "Sannunku da ƙoƙari." "To, Allah ya sa mu gani." Duk Bahaushe ya san na ƙarshen nan ba yabo ba ne, shakka ce aka naɗe cikin addu'a. Na biyun kuma sau da yawa abin da muke faɗa ke nan idan aiki bai gamsar da mu ba amma muna jin nauyin mai aikin. Yaro ya yi zane kyauta, ɗan gidan mutunci ne, wa zai kushe shi a bainar jama'a? Mu mutane ne masu kara, sukarmu a cikin shiru take, ko a cikin gajeriyar "ba laifi". Na san akwai masana namu da ke aiki a kan wannan. A 2022 wasu masu bincike, ciki har da Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero, sun fitar da NaijaSenti, tarin dubban rubuce-rubucen Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Burokan Najeriya, waɗanda mutane suka zauna suka tantance da hannu don a koya wa kwamfuta gane yabo da suka. Aiki ne mai daraja, ina alfahari da shi. Amma ko kwamfuta ta ƙware ta fi malamin Hausa, abin da aka rubuta kawai za ta karanta. Inna ba ta rubuta komai ba.

Ku tuna da shataletalen gidan gwamnatin Kano da aka rushe a watan Yunin 2023. Kwana da kwanaki intanet na tafasa. Wanda ya ƙirga wannan hayaniyar zai san yawan masu goyon bayan wannan ɓangare da wancan, amma abin da zai koya a kan shi kansa ginin kaɗan ne. Namu ma bai tsira ba: na lura wasu sun zaɓi mai gilashi ne saboda wane ya riga ya zaɓe shi.

Daga gidan Inna na wuce wajen Baba magini, wanda ya gina rabin sorayen tsohon gari. Shi bai ma kula da gilashin ba da farko, ƙasan hoton ya sa wa yatsa. Ya ce, "Malam, daɓen nan daidai yake da ƙasa. Ka manta da 2022?" Wa zai manta? Shekarar da ruwa ya ci gonaki da gidaje daga Ringim har Auyo da Haɗejiya, mutane suka kwana a makarantun firamare. Ya ce a ɗaga harsashi har gwiwa ko fiye, a yi shi da dutse da siminti, don shi ma bai yarda a sa jar ƙasa a inda ruwa ke kwanciya ba. Sannan ya ce hadari daga gabas yake taso mana, shi ya sa magina na da suke ƙara wa bangon gabas kauri da yaɓe. Gilashin kuma yamma yake kallo. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ranar la'asar za ta mai da ɗakin tanda, ga shi wuta sai an ga dama a kawo. A hoton an zana na'urar sanyaya ɗaki a bango. Ya tambaye ni wa zai sayi man janareta duk wata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda wasu suka kira fasali na biyu "ginin ƙauye", kamar zagi. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina wa ƙauyensu Gando makarantar firamare a 2001 da tubalin ƙasa, ya ɗaga kwano sama da rufin don iska ta riƙa ratsawa, mutanen garin da kansu suka yi aikin. A 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a fagen zanen gini, ɗan Afirka na farko da ya same ta. Kusa da mu ma, a Yama ta jihar Tawa a Nijar, masallacin ƙasa da magini Falke Barmou ya fara a 1962 ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gini a 1986. Zaure da rumfa da tsakar gida ba ci baya ba ne. Kakanninmu sun san rana, sun san iska, sun san kunya, suka gina daidai da su.

Ban ce a rufe shafin ba. Da shi muka tara kuɗin, kuma can ƙasa cikin sharhin na tsinci maganar wata 'yar garinmu ma'aikaciyar jinya, wadda ta ce a faɗaɗa ƙofa yadda gadon majinyaci zai wuce. Mutum biyu kacal suka danna mata, manhaja ta jefa ta cikin tsaka-tsaki, alhali ita ce magana mafi amfani a shafin gaba ɗaya.

Na roƙi shugaba ya dakatar da sayen bulo na mako biyu, kuma ya amince, Allah ya ƙara masa girma. Ranar Asabar bayan la'asar Baba zai kafa turaku a filin, ya ja igiya, ya zana fasalin biyu a ƙasa da toka, kowanne da ainihin girmansa. Maza za mu koma gefe. Inna za ta zo da matan unguwanni su shiga ta ƙofar, su taka har inda gado zai zauna, su nuna inda suke son murhu da ban-ɗaki. Ƙanwata za ta riƙe waya ta naɗi muryar duk wadda ta yarda, mu tura wa 'yan uwanmu na Legas da Fatakwal ta WhatsApp su ji da kunnensu, tunda guminsu ne. Yaron da ya yi zanen ya ce zai zo da littafinsa da fensir. Duk wanda mahaifiyarsa ko matarsa ke gari, don Allah ya sanar da ita, ya kuma bar ta ta zo.