Masu Neman Suna, Ku Dubi Ni Ping

'Yan uwana matasa, musamman ku masu kwana kuna ƙirga mabiya a TikTok, ku ba ni aron kunnuwanku.

A ƙasar Sin akwai wata baiwar Allah, Ni Ping, wadda aka haifa a lardin Shandong a 1959. Kafin gidan talabijin na CCTV ya ɗauke ta a 1990, ta shafe shekaru tana wasan daɓe da fim, tana hadda, tana shan gyara. Daga 1991 aka damƙa mata shirin daren sabuwar shekararsu, wanda ɗaruruwan miliyoyin mutane ke kallo, ta gabatar da shi har sau 13. Kai tsaye fa ake watsa shi, babu a yanke a sake ɗauka. Kai da bidiyon minti ɗaya ke cinye maka yini guda, me za ka yi a gaban wannan taro? Sai an sha wuya akan sha daɗi, amma mu so muke mu kwanta ba kowa ba, mu tashi taurari.

A 1999 ta haifi ɗa da yanar ido. Ta yi ta jigilar kai shi Amurka neman magani, daga baya ta ajiye makirufo alhali tana kan ganiyarta. Da fuska kawai take taƙama, da shi ke nan an shafe babinta. Sai dai tana da sana'a a hannu. Ta fito a wani fim a matsayin malamar makarantar wani ƙauye da ruwan sha ma ke gagara, ba hoda ba jan baki, ta ci babbar kyautar fina-finan ƙasar Sin, Golden Rooster, a 2002. A 2006 kuma ta karɓo ta gwarzuwar 'yar wasa a bikin fina-finai na Montreal da ke ƙasar Kanada.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dawowarta talabijin a 2014. Shiri ne na haɗa iyaye da 'ya'yansu da suka ɓace, har da waɗanda aka sace tun suna ƙanana. Uwa na rungume da ɗanta tana kuka, wasu kuwa suna intanet suna cewa mai gabatarwa ta tsufa, ta yi ƙiba. Wannan hali, mu ma ba a bar mu a baya ba. Don Allah, kafin ka yi wa dattijuwar 'yar wasa ba'a, tambayi kanka ko ka san abin da ta sha a shekarun da ba ka gan ta ba.